Wa'adin Satifiket Ya Cika

A shekarar 2008 ni yaron shago ne a wata kasuwar waya a Kano. Aikina tura karatun Alƙur'ani da waƙoƙi da wasanni cikin wayoyin mutane, a kan tebur ɗaya da tsohuwar kwamfuta da tarin igiyoyi ɗaure da roba. Wata rana bayan la'asar wani Alhaji ya kawo Nokia N73, yana son a saka masa manhajar lokutan salla. Na tura fayil ɗin, na danna, ɗan layin nan ya fara cika, sai ya tsaya cak. Wayar ta ce wa'adin satifiket ya cika. Na sake har sau uku. Maigidana yana can gefe da ƙarfen dalma a hannu, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kai, mayar da ita bara." Da ya ga na yi sororo, sai ya karɓi wayar, ya shiga wurin kwanan wata, ya mai da 2008 ta zama 2007. Manhajar ta shige ba gardama. Ya gyara kwanan watan, ya miƙa wa mai ita.

"Malam, wannan kuma wane irin siddabaru ne?" in ji Alhajin.

"Ranka ya daɗe, haka suke," in ji maigidana.

Yau na haura shekara goma ina rubuta manhaja, ina ƙulle ta, ina sa mata hannu, ina aika ta ga jama'a. Abin da na fahimta a wannan tsakani shi ne ba haka kawai suke ba. Kusan duk saƙon ƙin karɓa da na'ura ke jefo mana tabo ne na wani rauni da aka taɓa ji a wani wuri, a wata shekara, kuma wanda ya san labarin raunin ya fi saurin gano inda matsalarsa take.

Ita N73 ɗin nan, tsoro ne ya sa mata taurin kai. A 2004 aka ga Cabir, ƙwayar cuta ta farko da ta yi suna a wayar hannu, tana tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth. A 2005 Commwarrior ta biyo baya, ita har ta saƙon hoto take bi. Wayoyi irin su Nokia 6600 ƙofarsu a buɗe take, duk abin da mai waya ya amince ya shiga sai ya shiga. Saboda haka da aka fito da tsarin aikin waya na Symbian 9.1, wanda N73 ta hau, sai aka kafa doka: manhaja ba ta shiga sai da sa hannu, wadda kuma ke son taɓa wurare masu haɗari a cikin waya sai da sa hannun da tsarin Symbian Signed ya yarda da shi. Kowane satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Waya kuwa ba ta da wata hanyar sanin yau wace rana ce sai agogon cikinta. Wannan ɗan gurbin maigidana ya gano da hannunsa, ba tare da ya taɓa karanta shafi ɗaya a kan lamarin ba.

Tushen abin ya girmi waya nesa ba kusa ba. Mu nan mun san hatimi. Wasiƙun da sarakuna da waziran Daular Sakkwato ke aika wa juna suna ɗauke da hatimin mai aikawa, don wanda ya karɓa ya san daga hannun wa ta fito. Hatimi bai taɓa cewa abin da aka rubuta gaskiya ne ko alheri ne ba. Cewa yake yi wane ne ya aiko. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman a Amurka suka kawo tunanin makulli mai tagwaye: ɗaya na sirri da mutum zai ɓoye, ɗaya na fili da zai raba wa kowa. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka fitar da lissafin da ya sa tunanin ya yi aiki, wanda ake kira RSA da haruffan farkon sunayensu. Yadda ake yi da manhaja shi ne a tace fayil ɗin gaba ɗaya ya zama wata 'yar gajeriyar lamba, kamar zanen yatsansa. In aka sauya ko harafi ɗaya a ciki, lambar ta sauya. Mai manhaja ya buga wa lambar hatimi da makullinsa na sirri, kowa kuma ya iya tantancewa da na fili. Saura tambaya ɗaya: wa ya ce wannan makullin na wane ne? Nan satifiket ya shigo, takardar shaida daga wani kamfani da aka amince da shi. VeriSign, da aka kafa a 1995, da wannan sana'a ya yi suna. A 1996 Microsoft ya kawo tsarin sa wa manhaja hannu na Authenticode tare da Internet Explorer 3, daga nan taga mai tambayar ko ka yarda da wannan mawallafi ta shiga rayuwar duk mai kwamfuta.

Ba a yi nisa ba aka ga inda bangon yake da tsaga. A ranakun 29 da 30 ga Janairun 2001 wani mutum ya ce shi ma'aikacin Microsoft ne, VeriSign ya ba shi satifiket biyu da sunan Microsoft. Ba a karya lissafi ba, mutum aka yaudara. Da aka gano, aka soke su, sai ga wata sabuwa: satifiket ɗin ba su ɗauke da adireshin inda kwamfuta za ta je ta duba jerin waɗanda aka soke. Dole Microsoft ya fitar da gyara na musamman a watan Maris, ya kai wa kwamfutoci labarin sokewar har gida. Duk lokacin da na ga girke manhaja ya tsaya yana jiran intanet don ya tambaya ko an soke satifiket, a ofishin da layinsu ke tafiyar hawainiya, wannan Janairun nake tunawa. A 2010 kuma ƙwayar cutar Stuxnet, da aka auna tashar nukiliyar Natanz ta Iran da ita, ta zo da sa hannun gaske na kamfanoni biyu na Taiwan, Realtek da JMicron, waɗanda aka sace makullansu.

Android, da wayarsa ta farko ta fito a 2008, wata hanya ya bi, kuma ita ce ta buɗe wa irina ƙofa. Ba ka buƙatar kowa ya shaide ka. Kai za ka ƙera makullinka a kwamfutarka, ka ba kanka satifiket, kyauta. Sharaɗi ɗaya aka kafa a lokacin: makullin da ka fara da shi, da shi za ka ci gaba. Waya ba ta karɓar sabon zubi a kan tsoho sai hatiminsu ya zo ɗaya. Shi ya sa ake ba da shawarar a yi satifiket mai shekara 25 ko fiye, shagon Google kuma ya ce lallai wa'adinsa ya wuce 22 ga Oktoban 2033.

Wannan sharaɗin a jikina na koye shi. A 2014 na yi wa wata makaranta manhajar da iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Makullin ɗan fayil ne da bai kai nauyin hoto guda ba, yana zaune a cikin kwamfutata, kuma kwafi ɗaya tak nake da shi. Wata safiya faifan ajiyar kwamfutar ya fara wata ƙara kamar agogon bango, ƙyas, ƙyas, daga nan ya yi shiru. Rubutun manhajar duk yana nan, na adana shi a wani wuri. Na ƙera sabon makulli, na sa hannu, na ɗora a shagon Google, aka dawo mini da shi da ja: zanen yatsan satifiket bai yi daidai da na farko ba. Lambobi biyu dogaye a jere, na da da na yanzu, na zauna ina kallonsu har aka kira azahar. Na je na sami shugabar makarantar, dattijuwa ce, na yi mata bayani iya iyawata. Ta cire tabarau ta ce, "Yanzu ɗana, kai ka gina gidan, kuma ka ce ba ka da makullinsa?" Na ce, "Hajiya, haka ne." Sai da muka fitar da manhajar da sabon suna, malamai suka bi iyaye ɗaya bayan ɗaya a goge tsohuwa a sauke sabuwa. Wasu har zangon karatu ya ƙare ba su sauya ba. Dokar ba ta zalunce ni ba. Da babu ita, da duk wanda ya ga dama sai ya ƙera tasa manhajar da sunan makarantar ya hau kan wayoyin iyayen nan.

Ashe masu irin asarata suna da yawa a duniya. A 2017 Google ya fara karɓar ajiyar makullan masu manhaja, ya bar musu wani ƙaramin makulli na ɗorawa wanda in ya ɓace ana iya sauya shi. Daga Agustan 2021 sabbin manhajoji dole su bi wannan tsari, a aika su a dunƙule, shagon ya yanka wa kowace waya abin da ya dace da ita. Na ji sanyi, amma ban daina jin wani abu a raina ba, domin hatimina yanzu a aljihun wani yake kwana. Sabon tsarin ya zo da nasa kurakuran. Wadda ka gwada a wayarka da makullinka ba ta hawa kan wadda aka sauke daga shago. Taswira ko shiga da asusu ya yi aiki lafiya a hannunka, ya mutu a hannun jama'a, don zanen yatsan da ka yi rajista da shi ba na makullin shago ba ne. A wurinmu kuma, inda data ke da tsada ake tura manhaja daga waya zuwa waya, sau da yawa yanki ɗaya ne ke tafiya ya bar 'yan'uwansa, sai ta ƙi shiga ko ta mutu da an buɗe ta.

Akwai wani kuskure da yake kama kusan kowane sabon shiga, kuma labarinsa yana da daɗin bi. Fayil ɗin manhajar Android, wato APK, asalinsa jakar zip ce, a da kuma kowane abu da ke ciki daban ake tantance shi. A 2013 kamfanin Bluebox ya nuna cewa in aka saka fayil biyu masu suna ɗaya a jakar, mai tantancewa ya duba na kirki, mai girkewa ya ɗauki na mugunta, hatimi kuma yana nan lafiya lau. Irin wannan ɓaraka ce ta kai ga sabon salon sa hannu da ya zo da Android 7.0 a 2016, wanda ke rufe jakar gaba ɗayanta. Sai tsarin aiki ya juye. A da sai an sa hannu ake jera kayan jakar da zipalign. Yanzu sai an jera ake sa hannu, domin ko ƙura ka taɓa bayan hatimi ya lalace. Yaro ya bi tsohon darasi na 2012, ya yi komai daidai yadda aka rubuta, waya ta ce ba a girka manhaja ba, ba ƙarin bayani. Na ga wanda ya kwana biyu a kan wannan.

Manya ma wa'adi yana cin su. A ranar 14 ga Fabrairun 2016 wani satifiket na tsakiya na Apple ya ƙare, masu manhaja da yawa suka wayi gari kwamfutarsu na cewa sa hannunsu ba shi da inganci. A watan Mayun 2019 irin haka ta sami Mozilla, ƙarin kayan da mutane ke ɗora wa Firefox suka mutu a dare ɗaya a faɗin duniya. Cikin dabarun da jama'a suka riƙa ba juna kafin gyara ya iso har da mayar da agogo baya. Da na ji haka, maigidana na tuna. A ɓangaren Windows maganin wannan shi ne hatimin lokaci, wato wani amintacce ya shaida ranar da ka sa hannu, don sa hannun ya ci gaba da aiki bayan satifiket ya ƙare. Layi ɗaya ne a cikin umarni, kuma mantawa da shi ba ya nuna kansa sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da wanda ya manta ɗin ya bar aikin.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne na kamfanin SolarWinds a 2020. Ba a yaudari mai ba da satifiket ba. An shiga wurin da ake haɗa manhajarsu ta Orion, aka zuba guba kafin a rufe tukunya, kamfanin da kansa ya buga hatiminsa na gaske, abokan cinikinsa kusan 18,000 suka sauke. Ko na'ura ɗaya ba ta yi ƙorafi ba, domin tambayar da aka koya mata ita ce wa ya aiko, kuma amsar daidai take. Hatimin Sakkwato ma iyakarsa ke nan.

Kowane rauni da sabon shingen da yake haifarwa. Daga 1 ga Yunin 2023, makullin satifiket ɗin sa wa manhaja hannu da ake saye daga kamfanonin shaida dole ya zauna a cikin na'ura ta musamman, ba a fayil irin nawa na 2014 ba. Hikimar a fili take ga wanda ya san labarin Realtek. Amma ga yaron da ke Kano ko Zinder yana son sayar da manhajar lissafin kanti, wannan na nufin biya da dala, da tabbatar da rajistar kamfani ga mutanen da ba su san takardunmu ba, da jiran ɗan ƙarfe ya tsallako teku ko hayar ma'ajiya a intanet. Da yawa sukan haƙura su raba manhajarsu ba sa hannu, su koya wa abokan ciniki danna "ci gaba" a kan gargaɗi. Wannan ɗabi'ar tana damuna ƙwarai, don ita ce ainihin ƙofar da aka shekara kusan talatin ana ƙoƙarin rufewa.

A watan jiya wani yaro da nake koya wa aiki ya kira ni daga wani ofishi da muka kai wa manhaja. Muryarsa na rawa ya ce, "Oga, ta ƙi shiga, wai satifiket ɗinmu bai fara aiki ba tukuna." Ya riga ya sake haɗa fayil ɗin sau biyu. Na ce ya dubi kusurwar allon ta ƙasa ya karanta mini kwanan wata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗaya ga Janairu, 2009." Tsohuwar kwamfutar tebur ce, ɗan batirin agogonta ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma shekarar da aka ƙera ta. Na ce ya gyara kwanan watan ya girka, in ya gama ya bi ta kasuwa ya sayo batirin, mai kama da kwabo, lambarsa 2032, ya saka musu kafin ya taho.