Libero

libero (suna, asalinsa Italiyanci): ɗan wasan ƙwallon raga da aka keɓe wa tsaron baya, wanda hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ta shigar cikin ƙa'ida a 1998. Sharaɗinsa na farko shi ne launin rigarsa ya saɓa wa na abokansa saɓani bayyananne, domin alƙali ya shaida shi yayin da yake shiga yana fita ba tare da an ƙidaya canji ba. An kuwa haramta masa tare ƙwallo a bakin raga, da kai hari da ita daga saman raga. Wajibi ne malaman garin Garwa masu shirya ɗalibai don gasar wasannin makarantu ta FENASSCO su tanadi rigar tun da wuri, gama shuɗi mai duhu a tsakiyar baƙaƙen riguna ba ya wadatarwa.