Tauraron Shuka da Tauraron Mutum: Tarihin Duban Taurari a Ƙasar Ƙwanni da Adar

A ƙasar Ƙwanni da Adar har yanzu akwai gidajen da ba a sa ranar aure sai an kai sunan saurayi da na budurwa wurin malami ya duba taurarinsu. In ya ce shi wuta ne, ita kuwa ruwa ce, magana tana iya mutuwa tun ba a raba goro ba. Abin da ake yanke wa rayuwar mutum biyu hukunci da shi ya cancanci a binciki asalinsa.

Tun kafin littafi ya iso, Bahaushe yana kallon sama, amma kallon manomi yake yi mata. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya kuma san Kaza da Ƴaƴanta, wadda kan ɓace a ƙarshen bazara, ta sake bayyana a gabas da asuba lokacin da ake sa ran ruwan shuka. Sunayen da ya raɗa wa ƴaƴansa, irin su Nomau da Anaruwa da Marka, ko Ɗanladi da Jummai da Asabe, lokacin haihuwa suke nunawa. Su kuwa Aznan Masallata, kusa da Birnin Ƙwanni, da suka shahara da arwa, duban da sukan yi a bainar jama'a na shekara ne: yaya damina za ta kasance, wace annoba ke tafe.

Malamai ne suka kawo lissafin manzilolin wata 28 na Larabawa, suka raba su bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Amfanin wannan a bayyane yake. Shekarar Hijira ta gaza ta rana da kwana 11, saboda haka watan Rajab ko Sha'aban ba ya gaya wa manomi lokacin shuka, amma Surayya da Dabaran da Haƙa'a suna gaya masa. Aka zuba sunayen cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda, waɗanda Mervyn Hiskett ya yi nazari a kansu a shekarar 1967.

A cikin gafakar da ta ɗauko wannan kalanda aka shigo da wani abu dabam, wato hisabin buruji 12 da ɗabi'u huɗu. Littafin da ya fi yaɗa shi shi ne wanda ake jingina wa Abu Ma'ashar, masanin taurarin Bagadaza da ya rasu a shekarar 886, wanda bugun Masar ya cika kasuwanni da shi. Hanyar ba ta buƙatar a ɗaga kai sama, ba ta kuma buƙatar ranar haihuwa, abin da ya sa ta karɓu a ƙasar da ba a rubuta ranar haihuwa. Sai a ɗauki sunan mutum da na mahaifiyarsa, a mai da haruffa lambobi bisa abajada, a haɗa, a yi ta zubar da 12. Abin da ya saura shi ne burujinsa. Ali 110 ne, Amina 96, jimla 206. In an zubar da sha biyu sha biyu saura 2, wato Sauru, burujin ƙasa. Daga nan sai a ce masa mai haƙuri ne, mai riƙo, kamar yadda akan ce na wuta mai saurin fushi ne, na iska ba ya zama wuri ɗaya, na ruwa mai sanyin hali.

A nan akwai wata matsala da masu duba ba su cika son a tayar ba. Abajada iri biyu ce. Ta Gabas, wadda littattafan Masar ke bi, ta ba harafin sadi 90. Ta Magariba, wadda malaman ƙasar Hausa suka gada tare da rubutunsu na allo, ta ba shi 60. Salihu ɗan Amina, a lissafin Gabas 225 ne, saura 9, ya faɗa burujin Ƙausu, na wuta. A lissafin Magariba 195 ne, saura 3, ya koma Jauza'u, na iska. Mutum ɗaya, uwa ɗaya, hali biyu, ya danganta da littafin da malamin ya buɗe.

Kada wannan ya sa a ɗauka fannin na masu ƙaramin sani ne tun asali. Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya wallafa al-Durr al-Manzum kan ɗalasimai da taurari, yana bin sawun wani littafi na Fakhruddin al-Razi. Ya kuma rubuta kan hatimai, inda ya bayyana ƙa'idojin jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa saboda wannan. A hannun irinsa lissafi na gaskiya da da'awar sanin gaibu a tukunya ɗaya suke.

Masu jihadi ne suka tsaya kan a raba su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a shekarar 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin yankin Malbaza na yau, ya yi ta kai hari ga duba da bugun ƙasa cikin wa'azinsa da rubuce-rubucensa. Hujjar tsohuwa ce: a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya yi tir da mai jingina saukar ruwa ga wani tauraro. Malamai suka halatta sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokutan salla da na noma, suka haramta cewa tauraro yana da tasiri kan rabon mutum. Muhammadu Bello, da ya riƙe sarautar Musulunci daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta gargaɗi na musamman kan guje wa masu rufa-ido da masu duban taurari. Shi ne kuma wanda matafiyi Hugh Clapperton ya ziyarta a Sakkwato a watan Maris na 1824, ya nuna masa taswirar sama, ya tarar ya san buruji duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Ga mai hana duba, ga shi kuma ya fi masu duban sanin sama.

Ɗora hali kan taurari bai tsaya ga mutum ɗaya ba a tarihin duniya. An ɗora shi kan ƙasashe sukutum. Mutanen Sin ma manziloli 28 gare su, suka raba su ga lardunansu, har marubucin tarihi Ban Gu, da ya rasu a shekara ta 92 Miladiyya, yakan ambaci taurarin yanki kafin ya bayyana ɗabi'un mutanensa. Baɗalamusi na Iskandariyya ya yi wa al'ummomin zamaninsa irin wannan rabo. A nan gida, abin da Bagobiri ke faɗa kan Bayarabe, ko Ba'adare kan maƙwabtansa, ya tsaya a wasan barkwanci da kirari, kuma kowa ya san wasa ne. Wannan ya fi aminci, don wanda aka yi wa ba'a yana iya ramawa, amma wanda aka ce tauraronsa ne ba shi da ta cewa.

Lakwal da jaridun Faransanci suka kawo sabuwar riga ga tsohon hisabi. Ɗalibin da ke cewa shi Bélier ne ko Taureau sau da yawa bai san su ne Hamalu da Sauru na malamin unguwarsu ba, daga tushe ɗaya na Babila da Girka. Bambancin kawai, na jarida da ranar haihuwa yake aiki, alhali takardun mutane da yawa a wannan yanki shekara kawai suka nuna, ita ma ta ƙiyasi.

Abin damuwa ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu shi ne wanne daga cikin gadon biyu ke shuɗewa. Hisabin suna yana nan da ransa, don yana da masu biya. Kalandar manziloli kuwa, wadda malamai ba su taɓa haramtawa ba, wadda kuma ake iya gwada ta da abin aunin ruwan sama, tana hannun tsofaffin limamai da manoma daga Illela zuwa Dogerawa, wasu a ka, wasu a ƴan takardun ajami cikin gafaka. Ƴan makaranta ƙalilan ne za su iya jera taurari bakwai na damina, ko su nuna Kaza da Ƴaƴanta a sama.