Yadda ɗan majalisa ke kai kukan gaggawa zauren majalisa

Masu saurarenmu na Ƙonni, Malbaza da Illela, da 'yan uwa da ke ci-rani, kan tambaye mu: in ruwa ya cinye gonaki, ko albasar Galmi ta tsaya a kan iyaka tana ruɓewa, ta wace hanya depite ke sa gwamnati ta yi magana? Ga yadda abin ya kasance a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, kafin a dakatar da shi.

Mafi sauƙi ita ce tambaya a rubuce. Depite ya aika wa minista takarda, amsa ta zo a rubuce, mutanen ƙauye ba su ma san an yi ba. Sai tambayar baki da tambayoyin abin da ke faruwa a ƙasa, galibi ranar Asabar, inda minista ke tsayawa gaban 'yan majalisa a Yamai, jama'a na kallo a Tele Sahel.

Wadda ta fi nauyi ita ce kiran faraminista ko minista ya zo ya yi bayani. Kundin ya ce ba shi da ikon ƙin zuwa. A nan ake tafka muhawara, a tono adadin kuɗi, a tambayi inda aikin ya tsaya. Amma fa a sani, bayani kawai yake bayarwa. Kiran bai tilasta masa gyara hanya ko buɗe iyaka ba. Amfaninsa shi ne an faɗa a bainar jama'a, gobe ana iya tuna masa.

Makami na ƙarshe shi ne ƙuri'ar yanke ƙauna. Da ita aka kayar da gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare.

Wani abin da mutane ke mantawa: kafin a rushe majalisar, ana zaɓen depitocinmu ne a jerin sunayen jahar Tawa baki ɗaya. Ke nan a lokacin mutumin Illela ba sai ya jira ɗan garinsu ba, kowane depiten jahar na iya ɗaukar maganarsa.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rushe majalisar, aka dakatar da kundin. Majalisar CCR da aka kafa a 2025 ta ba da shawara ce, ba ta da ikon kayar da gwamnati.