Mota Ba Taka Ba, Asara Taka: Yadda Direban Babbar Mota Ya Tsinci Kansa a Tsakiya

1/ Kawuna ya shekara 26 yana jan babbar mota, yana kwasar albasa da tafarnuwa daga Wurno da Goronyo zuwa Kudu. Ranar da ya ajiye tuƙi, abin da ya shigo da shi gida tabarma ce da buta da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Ba fansho, ba kuɗin sallama. Zare ne, ku biyo ni a hankali.

2/ Na taɓa tambayarsa: "Kawu, kai ma'aikacin Alhaji ne ko zaman kanka kake?" Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, mota ba tau ta ba, amma in tat tsaya ni ka kwana da yunwa." Wannan amsar ce ta sa na koma tarihi, don in gano inda abin ya samo asali.

3/ Mu koma kafin mota. A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake zaune a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837, fatake ne ke ɗaukar kayan nesa. Ayarin jakuna ne ake haɗawa, madugu na gaba, a yi watanni ana tafiya Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, a sayo goro.

4/ Ban da bayi, waɗanda ba su da zaɓi sam, mutum iri biyu ne a ayari. Akwai falke mai jakunansa: riba tasa, asara tasa, shi ke biyan kuɗin fito da na wucewa ga sarakunan hanya. Akwai kuma bara, yaron falke: ba albashi, amma ci da sutura da magani suna wuyan ubangida.

5/ In bara ya yi gaskiya, ubangida ya yi masa aure, ya yanka masa ragon suna, daga baya ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Fanshon wancan lokaci ke nan. Ba a rubuce yake ba. Kunya da gudun bakin mutane ne ke tilasta shi.

6/ Sai Turawa suka kawo jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Don haka gyaɗa da auduga da fatun Rabah da maƙwabtanta sai an kai su bakin dogo. Jaki da raƙumi suka fara, gingimari ta karɓe su.

7/ Mota ta gaji aikin jaki, ta kuma gaji barantaka. Yaro ya fara da karen mota: wanki, sa wejin taya, kwana a ƙarƙashin bodi. Ya koyi tuƙi, ya zama direba. Mai mota ubangida ne, kuma burin kowa shi ne wata rana a sallame shi da tsohuwar mota.

8/ Da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarun 1980, noman rani ya ƙara ƙarfi, lodi ya yawaita. Sai dai mota ta yi tsada, masu ita suka zama 'yan kasuwa da ke lissafin sawu. A hankali alkawarin aure da jari ya zube. Biyayyar ce kawai ta rage.

9/ Yau tsari uku ne. Na ɗaya albashi, kamar a manyan kamfanoni: wata ya ƙare a biya ka. Na biyu kamasho: a ba ka wani kaso a kowane sawu. Na uku balas: ka kawo wa mai mota adadin da aka yanke, ragowar taka, wani lokaci da sharaɗin in ka gama biya motar ta zama taka.

10/ Malamanmu ma sun san bambancin. Fiƙihun Malikiyya ya raba ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada sananne, da ji'ala, inda ba ka da komai sai aiki ya kammala. Direban kamasho ya fi kusa da na biyun: albasa ba ta sauka a Mile 12 ba, ba lada.

11/ To me dokar ƙasa ta ce? Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma N70,000. Amma dokar albashin ta cire masu aikin kamasho da wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kun ga inda kawu ya faɗo.

12/ Dokar fansho ta 2014: inda ta hau, kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010: mai aiki ya biya NSITF kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, don ranar haɗari. Ita wannan har yarjejeniyar baka ta amince da ita. Direbobi nawa suka san haka?

13/ Haraji fa? Mai albashi ana cire nasa tun kafin kuɗi su shigo hannunsa, a miƙa wa hukumar harajin jiha. Mai zaman kansa shi zai bayyana abin da ya samu. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, N800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu.

14/ Kar ku ce direban kamasho ba ya biyan komai. Tikitin tasha, kuɗin ɗan kamasho, rasit ɗin ƙananan hukumomi, kuɗin kayan gona, ga shingaye tun daga Achida har Ibadan. Yana biya kullum. Matsalar ita ce babu ko rasit ɗaya a ciki da zai zame masa magani ko fansho.

15/ Kawu ya yi haɗari tsakanin Kwantagora da Mokwa. Inshorar motar irin ta dole ce, wadda ke biyan wanda aka buge, ba direba ba. Mai mota ya biya asibiti na makon farko, Allah ya saka masa. Aka gyara mota, aka miƙa makulli ga wani. Abokan tasha suka yi karo-karo. Shi ke nan.

16/ Ku tuna 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, dillalan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. A Oktoba 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Duk ranar da hanya ta mutu, mai albashi na da wata. Mai kamasho ba shi da sisi.

17/ A yi adalci: kamasho na da daɗinsa. Lokacin kakar albasa direba mai zafin nama kan fi mai albashi samu, ga lodin dawowa. Mai mota ma yana kuka da tsadar gas da taya, da direbobin da ke zuƙe mai su sayar. Amma biyan sawu ne ke sa gudu da hana ido barci, kowa ya sani.

18/ Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 don hana kiran ma'aikaci "ɗan kwangila", masu manyan motoci suka yi ta shari'a a kai. A Ingila, Kotun Ƙoli ta yanke a 2021 cewa direbobin Uber sun cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai lada.

19/ Abin da kotun ta duba mai sauƙi ne: wa ke juya akalar aikin? Wa ke yanke farashi? Za ka iya ƙin lodi ba a hukunta ka ba? Gwada wannan a kan kawu. Umarni irin na yaron gida, asara irin ta mai jari. Ya rasa inuwar barantaka, bai shiga inuwar doka ba.

20/ Ƙanina mai shirin karɓar makulli, ka tambaya tun ana dariya: in na ji rauni wa zai biya? In kaya suka ruɓe a hanya wuyan wa? In mota ta kwana garejin makanike ina da abinci? In balas ne, yaushe takardu za su koma sunana? A rubuta, a sa shaidu biyu.

21/ In kuma ka zaɓi zaman kanka, to ka zama ubangidan kanka da gaske. Tun 2019 PenCom ta buɗe ƙaramin tsarin fansho ga masu sana'ar hannu, kana zuba abin da ya sawwaƙa. Ka ware na asibiti a kowane sawu, kafin na shayi.

22/ Kawu yanzu yana zaune a ƙofar gida, da ƙarar inji kawai yake gane motar da ta wuce. Wanda babansa ko yayansa direba ne, ya tambaye shi da wane tsari yake aiki, ya faɗa mana a nan. Allah ya kai matafiya gida lafiya.