Alƙalamin Kara a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya nufi kudu, kafin ya isa Shagari lalle sai ya ratsa ƙasar Boɗinga, in kuwa yana da labarin magabata, da wuya ya wuce bai waiwayi Sifawa ba, garin da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya zauna tun daga wajen 1810 har zuwa 1815, bayan an ci Alƙalawa a 1808, ƙurar yaƙi ta fara lafawa. A nan kusa da shi ƙanensa Malam Abdullahi ya yi mazauni a Boɗinga, ɗalibai kuma suka riƙa kwararowa daga gabas da yamma, har wannan ɗan yanki ya zama matattarar ilimi. A waɗannan shekaru ne Shehu ya wallafa Sirajul Ikhwani da Najmul Ikhwani, ɗansa Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi ya tattara Tazyinul Waraƙati a 1813, sa'an nan ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'wili, a 1816. Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa shi ne, irin alƙalamin da malaman ƙasar nan suka saba rubuta littattafai da shi, yaro ma yana iya samo shi a bayan gari ba tare da ya biya ko wuri ɗaya ba.

Sillen karan dawa ne, ko kuwa karan gamba wanda ya ƙosa ya bushe. Malami yakan zaɓi wanda ba shi da lanƙwasa, ya ɗora shi bisa yatsa, ya sa wuƙa mai kaifi ya fere gefe guda, ya fiƙe bakin, ya ɗan tsaga shi a tsakiya domin tawada ta sami hanyar gangarowa, sa'an nan ya datse kan a karkace, gwargwadon kaurin baƙin da yake nufi. In ya gwada a gefen allo ya ga yana karce ko yana zubarwa, sai ya sake fiƙewa, haka har alƙalamin ya gajarce ya gagari riƙo, a ɗauko wani. Na rubuta baƙaƙe dabam, na wasulla dabam, kuma gwanin marubuci ba ya son wani ya fiƙe masa, domin karkacewar bakin tana bin yadda hannunsa yake kwanciya.

Tawada ma iri biyu ce, kuma hikimar rabuwarsu abin lura ce. Ta allo, da gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro, don ruwa ya iya wanke ta idan almajiri ya biya karatunsa za a ɗora masa wani. Ta takarda kuwa, wadda ake kira yambari, 'ya'yan gabaruwa ake jiƙawa tare da kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro, a zuba a kurtu. Wannan takan kama jikin takarda ta zauna, ita ce ta sa muke karanta rubutun da ya haura shekara 200 kamar jiya aka ɗaga hannu daga kansa. Ga kuma ja domin wasali, da rawaya domin ɗigon hamza, kamar yadda aka saba a Alƙur'anan ƙasar nan na ruwayar Warshu.

Takarda ita ce mai tsada. Daga ƙasar Italiya ake ƙero mafi yawanta, ta biyo Tarabulus ko Masar, ta ƙetaro Sahara bisa raƙuma, kuma in ka ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta a hasken rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Saboda haka ba a barin gefen shafi a banza, sai a cika shi da hashiya da sharhi. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai dai a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabace shi, a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka. Idan mai kwafa ya kai ƙarshe, yakan ambaci sunansa da na mai littafin, ya roƙi gafara ga kansa da mahaifansa da malamansa. Alƙalamin da ya yi wahalar kuwa ba a saba ambatonsa ba, alhali sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma da sunansa ake kiranta.

Alƙalami mai riƙe tawada a cikinsa ba baƙo ba ne ga tarihin Musulmi, domin Alƙali Nu'umanu ya ba da labarin cewa an ƙera wa halifan Faɗimiyyawa Mu'izzu irinsa tun a ƙarni na 10. Amma wanda ya cika duniya, sai bayan da Lewis Waterman ya yi rajistar nasa a Amurka a 1884. Daga baya abin ya zama na ado da taskacewa: kamfanin Montblanc na birnin Hambug a Jamus ya fara a 1992 fitar da alƙalumma masu ƙayyadadden adadi da sunayen mashahuran mutane, wani jerin guda 4810 kacal, daidai da mitocin tsawon dutsen da kamfanin ya ɗauki sunansa, kowanne da lambarsa, bakinsa na zinariya. Ba na raina wannan sana'a, domin gwaninta a ko'ina take abin girmamawa ce. Sai dai da yawa daga masu sayensu ba sa zuba musu tawada, gudun kada darajarsu ta faɗi, kuma ƙarancinsu a ma'aikata aka yanke shi tun kafin a ƙera su. A Sifawa kara ba ya yankewa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya iya, da malamin da zai saurari karatunka ya gyara maka, ya ba ka ijaza da isnadinta.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, alƙalami mai bakin ƙarfe ya shigo tare da makarantar boko. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, yana cikin waɗanda suka riƙe duka biyun, domin da allo ya fara, kafin a kai shi elementare ta Yabo a 1931, daga nan Midil ta Sakkwato, sai Kwalejin Kaduna. A zamanin da yake malamin makaranta, lokacin da ya tsara Waƙar Nijeriya, alƙalamin da aka maƙala a aljihun riga shi ne shaidar akawu da malamin boko. Biro kuwa da ya zo da arha, sai ya ture shi cikin 'yan shekaru. Amma zuciyar mutumin Shagari ba ta bar Sifawa ba, domin a 1978, shekara ɗaya kafin ya zama shugaban ƙasa, ya fitar da littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu tare da Jean Boyd.

Wani sashe na rubuce-rubucen zamanin Sifawa ya sami mafaka, a ma'ajiyar tarihi ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tattara su yana nazarinsu har ya rasu a 1997, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Gidan Arewa na Kaduna. Wani sashen yana gidajen zuriyar malamai, a cikin akwatuna da gafakun da suka tsufa, inda gara da raɓar damina suke yi masa ɓarna, kuma idan aka zo rabon gado, littafin da ba a ɗinke ba yana da saurin watsewa tsakanin magada. Mai irin wannan amana a gida ya nisanta ta da ƙasa da bango mai laima, ya jera warƙoƙin bisa kalmomin da ke ƙasan shafi, ya nemi a ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, har da ta ƙarshe mai sunan wanda ya kwafa.