Sojan Najeriya: Daga Mutum 18 a Ikko Zuwa Jiragen Yaƙi

Yau kan sojan Najeriya za mu yi magana, na ƙasa da na sama.

Lokacin da nake yaro akwai wani dattijo a unguwarmu da ya je yaƙin Bama. Idan ya ga dama sai ya tara mu a ƙofar gida, ya riƙa ba mu labarin daji da ruwan sama da sauro. Wata rana na tambaye shi, "Baba, wai wa kuka je yi wa yaƙin nan?" Ya yi shiru, can ya ce Sarkin Ingila. Wannan amsa ita ta sa na fara bin diddigin asalin sojanmu.

Abin ya faro ne a shekarar 1863 a Ikko, wato Legas. Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Laftanar John Glover, ya tara mutum 18 'yan Arewa ya ba su bindiga. Ana kiransu Hausawan Glover. Aikinsu shi ne tsare hanyoyin cinikin Turawa da kai hari kan garuruwan da suka ƙi bin umarni. To ka ji mafarin, kuma babu daɗin ji, amma haka abin yake.

A 1897 Ingila ta kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, ta ɗora Lugga a kanta. Da wannan runduna aka ci Kano a watan Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, sannan a watan Yuli aka yi gumurzun Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Ku lura da abu ɗaya: Turawan da ke cikin waɗannan yaƙe-yaƙe 'yan kaɗan ne, hafsoshi ne da masu ba da umarni. Masu riƙe bindigar 'yan ƙasa ne, kuma da yawansu Hausa suke ji. Shi ya sa shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, har Bature ma sai ya koye ta kafin ya ja kurata.

Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka haɗe rundunonin biyu suka zama ɗaya. Su aka tura Kamaru da Gabashin Afirka su yaƙi Jamus. A yaƙin Hitila kuma suka yi Habasha da sojan Italiya, sannan aka kwashe su zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, suka kara da Japan. Nan ne dattijon unguwarmu ya baro ƙuruciyarsa.

Sai a 1958 ikon soja ya dawo hannun gwamnatin Najeriya daga Landan. Duk da haka Bature ne ya ci gaba da shugabantar rundunar har bayan samun 'yanci, sai a 1965 aka naɗa Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, ɗan ƙasa na farko a wannan kujera.

To ina labarin sojan sama? Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano a 1925 na sojan saman Ingila ne, daga Masar suka taso. Amma mu ba mu da namu sai bayan kusan shekara 40. Abin da ya farkar da gwamnati shi ne aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango da Tanganyika: duk lokacin da za a kai sojanmu ko kayansu, sai an nemi jirgin wasu. Mai kwana a tabarmar aro kuwa ba ya barci da nauyi. Aka fara tura matasa koyon tuƙi a Habasha a 1962, wasu Kanada, wasu Indiya. A watan Afrilun 1964 majalisa ta yi dokar kafa rundunar, Jamus ta Yamma ta kawo masu horarwa, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. A wannan shekarar aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna.

Ba a je ko'ina ba sai ga 15 ga Janairun 1966. Sojan da aka ɗauka ya tsare ƙasa ya juya bakin bindiga ciki. Aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Akintola, aka kashe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. A watan Yuli aka yi juyin mulkin ramuwa, 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba ta kumbura ta kai kusan dubu 250 kafin 1970. Sojan sama, da ko jirgin yaƙi na kirki ba su da shi, suka samu MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet, wasu matuƙan ma daga Masar aka kawo su.

Daga nan soja suka ɗanɗana mulki: 1966 zuwa 1979, sannan 1983 zuwa 1999. A ganina wannan ne ya fi yi wa rundunar illa, domin hafsan da hankalinsa ke fadar gwamnati ba ya tuna takalmin kurtu. Amma a faɗi gaskiya, a wannan zamanin ne kuma sojanmu suka zubar da jininsu a Laberiya daga 1990, da Saliyo, ƙarƙashin ECOMOG, har aka samu zaman lafiya a can.

Yau fagen yaƙin yana cikin gida: Boko Haram a Arewa maso Gabas, 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato. An sayo jiragen Super Tucano 12 daga Amurka, da JF-17 guda 3 daga Pakistan. Matasa da yawa sun kwanta dama a Sambisa da bakin Tafkin Chadi domin mu yi barci. Sai dai ba za mu manta da Rann ba, inda jirgin sojan sama ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017, ko Tudun Biri, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka masu Mauludi a Disambar 2023.

Shi ya sa tambayar da na yi wa dattijon nan har yau ba ta tsufa ba: wa ake yi wa yaƙin? Shi ya ce Sarkin Ingila. Fatana idan yaro ya tambayi sojan yau, ya ce masa talakan ƙauye yake karewa, kuma talakan ya ji ya ce gaskiya ne.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya kare waɗanda ke bakin daga, Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Na bar ku lafiya.