Tasirin Dokokin Shigo da Kaya a kan Farashi da Samuwar Motocin Kwana na Waje a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da suka sa motocin yawon buɗe ido masu gado da kicin, waɗanda ake ƙerawa a Turai da Japan, suke wuyar samu a Amurka, kuma suke tsada idan an same su. An bi diddigin dokoki biyu: harajin fito na 1964 da dokar shigo da ababen hawa ta 1988. Nazarin ya gano cewa dokokin nan ne ke yanke irin motar da za ta iso kasuwa da kuɗin da za a saye ta.

1.0 Gabatarwa

Tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da motocin Volkswagen ɗakin kwana, kuma Amurkawa sun daɗe suna sayensu. Hakan ya tsaya a 2003, lokacin da aka daina sayar da motar Volkswagen mai suna EuroVan a ƙasar. Samfurin motar kwana na Volkswagen mai suna California, wanda ya fito a 1988, har yau ba a sayar da shi sabo a jihar da aka ara masa sunanta. Tambayar da ake son amsawa ita ce: me ya toshe wannan hanya alhali masu buƙata suna nan?

2.0 Harajin Kaji

A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma suka ɗora haraji mai nauyi a kan kajin Amurka. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan wasu kayayyaki, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, wanda ya fara aiki a Janairun 1964. An janye sauran daga baya, amma na motoci ya zauna, alhali motar fasinja ta shafe shekaru tana biyan kashi 2.5 kawai.

Wannan ya shafi motocin kwana kai tsaye, domin yawancinsu daga motar kaya marar kujeru ake ƙera su. Kamfanoni sun nemi mafita. Mercedes-Benz ya riƙa harhaɗa Sprinter a Jamus, ya kwance ta, ya tura sassan jihar South Carolina a sake ɗaurawa, kafin ya buɗe cikakkiyar masana'anta a can a 2018. Ford kuwa ya riƙa shigo da Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya don a lissafa ta a matsayin motar fasinja, sannan a cire kujerun bayan ta wuce kwastam. A 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 365 don sasanta wannan batu da gwamnati. Kowace dabara tana da kuɗinta, kuma a kan mai saye yake ƙarewa.

3.0 Ƙa'idar Shekara 25

Dokar 1988 ta hana shigo da motar da ba ta cika ƙa'idojin kariya na Amurka ba, sai idan ta kai shekara 25 da ƙerawa. Gwajin da ake buƙata kafin a amince da sabon samfuri yana cin kuɗi mai yawa, kuma kamfani ba ya maida kuɗinsa a kan motar da masu sayenta kaɗan ne. Don haka ƙofar da ta rage wa ɗaiɗaikun mutane ita ce ta tsofaffin motoci, musamman Mitsubishi Delica da Toyota HiAce daga gwanjon Japan.

Mai saye yana biyan kuɗin gwanjo, da la'adar dillali, da kuɗin jirgin ruwa, da na fito, kafin ya ga motar da idonsa. Sitiyarinta yana dama, kayan gyaranta sai an yi oda, kanikawan da suka san injinta ba su da yawa. Da zarar wani samfuri ya kusa cika shekara 25, dillalai kan yi rububinsa a Japan, farashi ya tashi. Bayan duk wannan, rajista a hannun jihohi take: a 2021 jihar Maine ta fara soke rajistar motocin Delica duk da cewa sun shigo bisa dokar tarayya.

4.0 Kammalawa

Dokokin biyu sun raba kasuwar gida biyu: sababbin motoci masu tsada da kamfanoni irin su Winnebago da Airstream ke ƙerawa a cikin ƙasa, da tsofaffin na waje masu ɗawainiyar gyara. Ƙaramar motar kwana sabuwa mai matsakaicin farashi, irin wadda ta wadata a Turai, ita ce ta ɓace a tsakani. Muddin ba a daidaita ƙa'idojin kariya na Amurka da na Turai ba, ba a kuma sake duba harajin 1964 ba, wannan giɓi zai ci gaba da zama.